Kwalta, ƙashin saniya da kofi: abubuwan mamaki a harkar hoton fim

Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya cikin waɗanda aka ɗauka da kyamara, da kwalta aka yi shi. Wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya shafa ta a farantin ƙarfe a wajajen 1826, ya saita akwatinsa a taga, ya bar shi aƙalla awa 8. Inda rana ta doka kwaltar ta taurare, sauran ya wanke. Saboda daɗewar, rana ta haska gine-ginen ta gabas da ta yamma a hoto guda. Matatar man Kaduna da ke kan hanyar Kachia, bayan Sabon Tasha, wadda aka buɗe a 1980, tana da sashen fitar da kwalta, sai dai ita titi aka nufa da tata.

Wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai rufin kwano a Makera ko Nasarawa ya zauna cikin kyamara bai sani ba. Ɗigon hasken nan da ke faɗowa ƙasa ta hujin ƙusa kullum zagayayye ne, ko da hujin a karkace yake, domin hoton rana ne kanta. Ranar husufi sai ka ga ya koma siffar jinjirin wata. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya yi rubutu a kan wannan tun kafin a san kyamara.

Mutumin da ake ɗauka shi ne na farko da ya fito a hoto kuwa, wurin shushaina ya tsaya. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani titi mai cunkoso a Paris, amma da yake ɗaukar tana cin mintuna, kekunan doki da masu wucewa duk suka ɓace. Wanda ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi ne ya tsaya cik, shi da mai gogewar.

Shi kansa fim, da mahauta a cikin lamarinsa. Abin da ke kama haske gishirin azurfa ne, abin da ke riƙe shi a jikin leda kuma jelatin ne, wani danƙo da ake dafawa daga ƙashi da fatar shanu. Har masanan kamfanin fim na Kodak suka gano a shekarun 1920 cewa abincin saniyar ma yana da tasiri: wadda ta ci ganyen mastad, jelatin ɗinta yana ɗauke da ɗan farar wuta da ke sa fim saurin kama haske. Azurfar kuma ba ta salwanta duka, ana tace ta daga ruwan da aka gama wankin hoto da shi da kuma tsofaffin hotunan ƙirji na asibiti.

Zafin Kaduna ya juya lissafin wankin fim. Fim baƙi da fari yana son ruwa mai digiri 20, mai kala kuma kusan 38. A Turai mai kalar ne ke wahalar da su, sai sun dumama ruwa. A Barnawa cikin Maris ko Afrilu, ruwan tankin da ya wuni a rana ya kusa kai wa mai kala da kansa, baƙi da farin ne sai an aika yaro sayen ƙanƙara. Damina tana kawo fumfuna cikin gilashin kyamarar da aka rufe a jaka, hunturu kuma ƙurarsa tana manne wa fim kafin ya bushe. Jar fitilar ɗakin duhun nan da ake gani a finafinai ta takardar hoto ce kawai. Fim ba ya yarda da kowane haske, da lalube ake naɗa shi.

In sinadari ya yi wuyar samu, teburin mai shayi yana da rabin maganin. Garin kofi, da sodar wanki ('yar uwar kanwa ce), da bitamin C, in an dama su suna wanke fim baƙi da fari. Ɗaliban wata kwalejin fasaha a Rochester ta Amurka ne suka gwada kofin a 1995. Warin haɗin dai ba ya kama da na shayi ko kaɗan.

Ni duk a cikin masu ɗaukar hoto mai akwati ya fi burge ni. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo, neman aiki ya zo da neman hoton fasfo. Mai akwatin nan mai ƙafa uku zai zaunar da kai a benci, baƙin ƙyalle a bayanka, ya ce kada ka motsa. Ya cire murfin gilashi da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Sai ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, ya tsoma takardar a 'yan kwanoni biyu da ke ciki. Abin da zai fito, fuskarka fara ce, farar hularka baƙa. Wannan zai manna a katako gaban gilashin ya sake ɗauka, sannan kamanninka su dawo daidai. Kyamara da ɗakin duhu duk a akwati ɗaya, babu lantarki, babu batir, ka karɓi abinka da ɗan danshinsa.

Hoton kala na da, wanda amarya ke fitowa fuska a dushe sai haƙora da fararen ido, ba duka laifin mai hoto ba ne. Shekaru da dama Kodak tana aika wa masu wanki katin gwajin kala mai hoton farar mace, da shi ake saita inji. Cikin waɗanda suka matsa aka gyara har da masu sayar da cakulan da kujerun katako, da suka ce kayansu masu ruwan ƙasa ba sa fitowa a talla.

Ga wasu ƙananan abubuwan mamakin kuma: mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara da 'yar kyamarar Brownie da ya saya fam 2 a 1950, ya ƙare da hotunan kitson matan Najeriya kusan dubu, yawancinsu ta ƙeya. Kyamarorin Hasselblad 12 suna can yashe a duniyar wata, don 'yan sama jannatin Amurka fim kawai suka ciro, su rage nauyi. Fim ɗin Kodak kuma ya tona gwajin bam ɗin nukiliya na farko a 1945: ƙurarsa ta shiga ruwan da aka yi kwalin ƙunshe fim da shi, tabo ya bayyana, wani masanin kamfanin ya bi sawu har ya gane.

A 1975, shekarar da motocin Peugeot suka fara fitowa daga masana'antar Kakuri, wani matashin injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta kilo 3.6, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta zuba hoto ɗaya baƙi da fari a kaset irin na rediyo. Manyan kamfanin suka duba, suka tuna da fim suke ci, ba su yi gaggawar kai ta kasuwa ba. A 2012 Kodak ta je kotu neman kariya daga masu binta bashi.