Buraƙa Ba Dokin Tatsuniya Ba Ce

'Yan'uwa, ga Rajab ya kama, almajirai sun soma tambaya kan hoton nan da ake ratayawa a wasu gidajenmu, daga Maiwurno har Sinnar: doki mai fukafukai, fuskar mace, jelar ɗawisu, wai Buraƙa ke nan.

To, mu koma ga hadisin Isra'i a Bukhari da Muslim. Dabba ce fara, ta fi jaki girma, ba ta kai alfadari ba, tana sa kofatonta inda ganinta ya tuƙe. Ku lura, ko doki ba a kira ta ba. Fukafukai a Sirar Ibn Ishaƙ suka zo. Fuskar mace kuwa, masu zanen Farisa da Indiya ne suka yaɗa ta. Kada malami ya karantar da ita a matsayin ingantaccen hadisi.

Doki mai fukafukai na Girkawa ne, Fegasus, tatsuniya ce tsantsa. Sun sa wa wani gungun taurari sunansa, Larabawa suna ce wa gungun Alfarasul A'azam.

Malaman lugga da dama sun ce sunan Buraƙa daga barƙu yake, wato walƙiya. Saboda saurin nan Maroko ta sa wa jirgin ƙasanta na Tanja zuwa Kasablanka wannan suna a 2018, ban ga laifi ba. Wanda ya fi nauyi shi ne Bangon Buraƙa a Ƙudus, inda Musulmi suka riƙe cewa nan Annabi (SAW) ya ɗaure ta. Yahudawa ma suna ibada a gabansa, a kansa aka zubar da jini a 1929.

Wallahu a'alam.