Guzurin Mai Tafiya da Ƙananan Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, mutanen Sanam da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da sauran ƙasar Kurfai har Filinge. Na san da an sauko daga Idi da yawa daga cikinku za su ɗaure kaya. Wani zai koma Kumasi bakin sana'arsa, wani Abijan, wani Kano ko Legas. Wata kuma mijinta ya aiko mata da kuɗin mota, za ta iske shi da goyo a baya da ɗan yaye a hannu. A kan wannan goyon da wannan ɗan yayen karatunmu na yau yake. Babba shi ya zaɓi tafiya, ya san dalilinta, in ya ji ƙishirwa ya faɗa. Yaro kuwa ɗaukarsa aka yi aka sa a mota, ba a shawarce shi ba, bakinsa kuka ne kawai. Saboda haka duk abin da ya same shi a hanya ta dalilin sakaci, wanda ya ɗauke shi za a tambaya.

Akwai masu cewa: ai Hajara ma an bar ta da jariri a kwarin da babu shuka, Allah ya fito mata da Zamzam. Gaskiya ne, amma a karanta ƙissar duka. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata gare shi, bisa umurnin Ubangijinsa ya kai su can, ba don neman riba ba. Duk da haka bai juya ba sai da ya ajiye musu jakar dabino da salkar ruwa. Da ruwan ya ƙare, ita ma ba ta zauna ba, sai da ta yi kai da komo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa. Haka nan Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan zo Hajji ba guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka su shiga roƙo. A kansu umurnin yin guzuri ya sauka, cikin Suratul Baƙara, aya ta 197. In an hana babba tafiya Ɗakin Allah hannu rabbana, ina ga mai janyo yara zuwa wata ƙasa?

Farkon guzuri ruwa. Ba mu manta da shekarar 2013 ba, watan Oktoba, lokacin da aka tsinci gawawwaki 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Allah ya jiƙansu. Hanyar da ta zama haka, ba ya halatta a bi ta da yaro, ko me aka ce ana samu a can. Ku masu yin kudu ma kada ku ce ku ba hamada za ku shiga ba. Mota na iya mutuwa tsakanin Filinge da Balleyara da rana tsaka, ana iya tsai da ku yini guda a bakin iyaka. Jikin yaro ƙarami ne, ruwansa kaɗan ne, gudawa ta yini ɗaya tana iya kayar da shi. Ku riƙe ruwa mai tsabta fiye da abin da kuke zato zai isa, ku karɓi ƙullin gishirin gudawa a gidan likita. In babu shi, likitoci sun koyar da haɗi: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. In idonsa ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko ya kasa kama nono, to a sauka a garin farko da ke da likita, ko da kuɗin motar zai salwanta.

Ku dubi yadda Shari'a da kanta ta sa yaron nan gaba. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ke da ruwa kaɗan, yana tsoron in ya yi alwala da shi wanda ke tare da shi zai galabaita da ƙishirwa, to taimama zai yi, ya bar ruwan. Kada wani ya zuba butar ƙarshe a ƙafafunsa ɗansa na lasar leɓe, yana ganin ibada ya yi. Tafiyar da ta kai baridi 4, wato mil 48 kamar yadda yake cikin Risala, wajen kilomita 80 ke nan, ana ƙasaru a cikinta, kuma daga nan zuwa Yamai kaɗai an zarce haka nesa. Wanda tafiyar ta kama shi cikin azumi, in ya kwana da niyyar sha kuma ya bar gari kafin alfijir, yana da izinin sha ya rama daga baya, ko da yake azumin ya fi ga mai iko. Mai shayarwa kuwa ko a gida take, in ta ji wa ɗanta tsoro kuma ba ya karɓar nonon wata, sai ta sha, ta rama, ta ciyar da mudun Annabi a kan kowace rana. Jaririn da bai cika wata 6 ba nono ne abincinsa, nono ne ruwansa, don haka uwar ce za ta sha da yawa. Miji kada ya ga ta sha ya tsuke fuska. Game da fitsarin goyo da ke taɓa zanenta, Halilu ya kawo cewa an yi mata rangwame matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, an kuma so ta keɓe tufa don salla. To ta naɗe zane ɗaya daban cikin kayanta.

Sai takardu, waɗanda a nan ne mutanenmu suka fi yin wasa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, da me za ka tabbatar wa jandarma ko ɗan sandan iyaka cewa naka ne? Su ma suna da hujja, domin akwai masu safarar ƴaƴan mutane. A je ma'aikatar magajin gari tun yanzu, ba ranar jajibirin tafiya ba. Matar da za ta tafi ba tare da uban yaran ba, ta riƙe takardar izininsa mai hatimin hukuma. Dokokin iyakoki suna sauyawa a shekarun nan, wata iyakar ma tana iya kasancewa a rufe, saboda haka a tambayi hukuma da direbobin da suka dawo kwanan nan kafin a biya kuɗin mota. Ƙasashen bakin teku suna neman katin nan rawaya na allurar shawara. Ana yi wa yaro ita daga wata 9, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, kuma sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ku haɗa da gidan sauro, don sauron can ba ya jiran damina.

Masu niyyar Umra ta filin jirgin Diori Hamani, ku sani ko jinjiri sai da fasfo nasa. Uwa ta ba shi nono lokacin tashin jirgi da saukarsa, haɗiyar tana sauƙaƙa masa ciwon kunne. Muslim ya ruwaito cewa wata mata ta ɗaga yaro ta tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ko yana da Hajji, ya amsa mata da cewa yana da shi, ita kuma tana da lada. Sai dai wannan ba ya ɗauke masa farilla in ya balaga, kuma ba wajibi ba ne a kansa. A Hajjin 2024 zafi ya kashe alhazai sama da 1,300. A ganina, wanda ke da kaka ko gwaggo amintacciya, barin yaron da aka yaye a wurinta ya fi.

Abu biyu suka rage. Kada a sayi maganin barci wajen masu talla a tasha a ɗura wa yaro don ya yi shiru. An ga wanda aka yi wa haka bai farka ba. Annabi yakan gajarta salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa, to fasinjoji ma su yi haƙuri, wanda ke kusa ya karɓar mata ɗan yayen ta huta. Sannan a rubuta sunan yaro, da na ubansa, da garinsu, da lambar waya, a ɗinke masa a aljihun riga, domin a tashar Yamai ko ta Kano ƙiftawar ido ta isa yaro ya ɓace. Ku tashi da safe, kada dare ya same ku a hanyoyinmu, kun san halin da ake ciki.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya karɓi azuminmu. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga bayanin zakkar fid da kai. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.