Ba Daƙiƙi Ba Ne: Larurar Sarƙewar Karatu Ga Yara

Duk manomin rani a Kura ko Bunkure ya san cewa ruwan madatsar Tiga kan cika babbar magudana, amma wata gona ta kwana da ƙishi saboda ƙaramar hanyar ruwanta ta toshe. Manomi ba ya tsine wa gonar, hanyar yake yashewa. Haka lamarin wasu yara yake a makaranta. Za a ga yaro yana lissafin buhunan shinkafa da ka, yana haddace duk abin da ya ji, amma ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Sai bulala ta yi ta aiki, daga bisani a ce ba shi da rabo a boko, a mayar da shi gona.

Masana suna kiran wannan larura disleksiya. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya yaɗa sunan a littafinsa na 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14, mai hazaƙa, wanda karatu ya gagare shi.

Tushen matsalar yana cikin ƙwaƙwalwa ne. Kafin yaro ya karanta kalmar "gona", dole ya rarrabe sautukanta, ya danganta kowane sauti da harafinsa. Sassan da ke wannan aiki galibi suna ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma a wurin mai larurar ba sa yin sa cikin sauƙi. Larurar tana bin jini, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, ba kuma sammu ba ce. Tana da 'yan'uwa, masu taɓa rubutu ko lissafi.

A 2001 wani bincike ya kwatanta masu larurar a Italiya da Faransa da Ingila. An samu alama iri ɗaya a ƙwaƙwalwarsu, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu, domin rubutun harshensu yana bin lafazi. Rubutun Hausa ma haka yake. Don haka fara koyon karatu da Hausa sassauci ne babba, sai dai a kula da haruffa masu kama da juna irin b, d, ɓ da ɗ.

To, wane taimako iyaye ke buƙata? Da farko malami ya zauna da su, ya fahimtar da su cewa ba laifinsu ba ne, ba kuma na yaron ba. Sannan a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa. Idan lafiya lau suke, a nemi shawarar masana, kamar na Sashen Ilimin Musamman na Jami'ar Bayero ta Kano. A gida kuwa, ko uwar da ba ta yi boko ba tana iya wasan raba kalma gaɓa-gaɓa da tafi. Yaya ko wa ya riƙa zama da shi kaɗan-kaɗan kullum, yaro na zana harafi a kan rairayi yana furta sautinsa. A aji, a ƙara masa lokaci, a yi masa wasu tambayoyin da baki, a hana a yi masa dariya.

Larurar ba ta da allura ko ƙwaya, amma idan aka fara da wuri, yaro yana koyon karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.