Corn: Kalmar da Ta Rikita Masara da Dawa

Yaron da ya fara karatun boko a Wudil, tun yana firamare ake haddace masa cewa corn masara ce. Da wannan zai girma, ko da ya kai tsangayar aikin gona ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke garin. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce, kuma daga rabin da aka bari ne wasu maganganu biyu suka tsiro. Ta farko cewa dawa wani jinsi ne na masara da aka kawo daga ƙasar Gini, tunda guinea corn ake ce mata da Turanci. Ta biyu cewa masara asalinta Masar ne, tun zamanin Annabi Yusuf ake nomanta a can, ga sunanta shaida, ga kuma kalmar corn a fassarorin Alƙur'ani na Turanci. Duka biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya: an ɗauki kalma mai faɗi an ɗaure ta a kan tsiro guda.

A bakin mutanen Ingila na da, corn na nufin ƙwaya, sannan duk wani abincin gona mai ƙwaya da mutanen wuri suka dogara da shi. A Ingila alkama ce kan gaba. Dokokin da majalisarsu ta kafa a 1815 don hana shigo da hatsi mai araha, waɗanda gwamnatin Robert Peel ta soke a 1846, da wannan kalma aka sa musu suna, alhali rigimar duk a kan farashin burodi ce. Har ƙwayar masoro da ta gishiri ana kiransu da ita, shi ya sa naman gwangwanin nan ake ce masa corned beef ba tare da ƙwayar masara ko ɗaya a ciki ba. Da Turawa suka isa Amurka suka tarar da tsiron da ba su sani ba, sai suka ce masa Indian corn, wato hatsin 'yan ƙasa. A hankali kalmar farko ta faɗi, ta biyun ta zauna a kan masara. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, domin abin da ya faru da kalmar hatsi ke nan. A kasuwar Juma'a ta Wudil, in aka ce hatsi ya yi tsada, gero da dawa da maiwa duk sun shiga. Amma ka je Maraɗi ko Sakkwato ka nemi tiyar hatsi, gero za a auna maka ba tare da an tambaye ka wanne ba. Ko a ƙasar Sin, inda masu koyon Turanci su ma sukan haddace corn a matsayin masara, kalmar guzi a arewa wani ɗan ƙaramin gero take nufi, a kudu kuma shinkafar da ba a casa ba. Kowa abin da ke cika masa rumbu yake ba babban suna.

Da an gane wannan, batun guinea corn ya warware. Ma'anarsa hatsin ƙasar Gini, kuma Ginin da ake nufi ba ƙasar da ta samu 'yanci a 1958 mai hedikwata a Konakiri ba ce. Sunan da 'yan kasuwar teku na Turai suka ba dukkan gaɓar Afirka ta Yamma ne, ƙarnuka kafin a shata iyakokin yau. Shi ne dai suka liƙa wa zabo suka ce guinea fowl. Dawa kuwa 'yar gida ce. Tsofaffin alamun nomanta da masu tonon kufai suka gano suna gabashin Sudan, kusa da Kassala, kuma sun kai kimanin shekara 5,000. Ita da masara dangi ne a cikin zuriyar ciyayi, amma kaura da farafara ba su taɓa zama masara ba, kuma manomin da ya ga yadda dawa ke jure fari a shekarar da masara ta ƙone bai buƙatar a gaya masa.

Maganar Masar ce ta fi ƙarfi, don haka ta cancanci a yi mata adalci. Gaskiya ne masana harshe suna danganta sunan masara da Masar. Gaskiya ne kuma masu fassara irin su Marmaduke Pickthall, wanda aikinsa ya fito a 1930, sun yi amfani da corn wajen zangarniyoyi bakwai na mafarkin sarki a Suratu Yusuf. Sai dai Pickthall Baturen Ingila ne, da Turancin garinsu ya rubuta, inda kalmar ke nufin hatsi kawai. Abincin Masar ta wancan zamani alkama ce da sha'ir. Masara a kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma ba ta ƙetaro tekun Atlantika ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Sunan da Bahaushe ya ba ta hanyar da ta biyo yake nunawa, ta arewa tare da fatake da alhazai, ba mahaifarta ba. Bature ma ya yi irin wannan da talotalo, ya sa masa sunan Turkiyya alhali tsuntsun Amurka ne.

Mai ja zai ce duk wannan tarihi ne, yau a Najeriya wanda ya ce roasted corn gasasshiyar masara yake nufi, kuma Turancin Amurka ya riga ya mamaye intanet da talabijin. Haka ne, kuma babu dalilin gyara wa mai gasa masara a bakin gadar Wudil harshensa. Amma ɗalibi ba a bakin titi kaɗai yake haɗuwa da kalmar ba. Yana haɗuwa da ita a tsofaffin rahotannin Turawan mulkin mallaka kan lardin Kano, inda corn sau da yawa gero da dawa ake nufi, kuma wanda ya karanta ta da masara zai ƙaga wa kakanninsa abincin da ba shi suka rayu a kai ba. Wannan ne ma ya sa littattafan kimiyyar noma suke kauce mata: maize suke rubutawa ga masara, sorghum ga dawa, millet ga gero. Dillalin da zai rubuta takardar ciniki daga Wudil ko Dawanau zuwa wani mai saye a waje, waɗannan ukun ne za su tabbatar masa cewa buhun da ya loda shi ne wanda aka biya kuɗinsa.