Kafin motar pompiye ta iso: tarihin ƴan kashe gobara na cikin asibitoci

A daren 25 ga watan Mayu na 2022, gobara ta tashi a sashen jariran asibitin garin Tivaouane na ƙasar Senegal, jarirai 11 suka rasu. Hukumomi sun ce wayoyin lantarki ne suka haɗu. Washegari shugaba Macky Sall ya sauke ministan lafiya, Abdoulaye Diouf Sarr. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilun 2021, tukunyar iskar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, mutane fiye da 80 suka mutu.

Gobarar asibiti daban take da ta kasuwa ko ta gida. A kasuwa kowa yana da ƙafar gudu. A asibiti kuwa akwai wanda aka yi wa aiki jiya, akwai mai naƙuda, akwai jaririn da ke cikin kwalba. Shi ya sa tun da daɗewa wasu asibitoci suka ga ba za su zauna jiran ƴan kwana-kwanan gari ba, suka kafa nasu.

Turawa sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su kai ga wannan dabara. A ƙarshen watan Disamba na 1772, Hôtel-Dieu, asibiti mafi tsufa a birnin Paris, ya kama wuta, ta yi kwanaki tana ci. Lokacin babu rundunar da muka sani yau. Sai a 1811 Napoleon ya kafa bataliyar pompiye ta Paris, ya kuma sa ta zama ta soja, bayan wata gobara da ta tashi ana tsakiyar biki a gidan jakadan Ostiriya a 1810. Can ne asalin abin da muke gani a Nijar: pompiye ɗinmu sojoji ne, lambar kiransu kuma 18 ce, kamar a Faransa.

Amma a Ingila rundunonin cikin asibiti sun yi yawa. Wata doka ta 1845 ta tilasta wa kowane yanki gina gidan kula da masu taɓin hankali. An gina su manya-manya, a bayan gari, wasu da majinyata sama da dubu, ƙofofi kuma a kulle. In wuta ta tashi, sai an aika mutum cikin gari, a ɗaura wa dawaki famfo, a kamo hanya. Kafin nan an gama. Don haka aka riƙa zaɓen ma'aikatan gidan, masu jinya maza, maƙera, masu lambu, masu kula da tukunyar ruwan zafi, ana ba su hular tagulla da gatari, ana yi musu atisaye.  Kowa yana kan aikinsa, in an kaɗa ƙararrawa ya ajiye ya rugo, ya kuma san wurin da zai tsaya. Gobarar Colney Hatch da ke arewacin Landan, ranar 27 ga Janairun 1903, ta ƙara tayar da hankalin mahukunta: wani gini na wucin gadi da aka yi da katako da kwano ya ƙone da asuba, mata majinyata fiye da 50 suka halaka.

Kayan aikinsu, waɗanda yau ake ajiyewa a gidajen tarihi, su ne suka fi ba ni sha'awa, domin da yawansu ba su fi ƙarfin maƙerin garinmu ba.

Na farko bokiti. Ana shafa masa jan fenti, a cika shi da rairayi ko ruwa, a rataye a bango. Da yawa ana yin gindinsu a kumbure kamar ƙwarya, da gangan. Dalili? Bokitin da ba ya zama a ƙasa ba wanda zai ɗauke shi ya tafi wanki ko wanka da shi. Duk wanda ya taɓa ajiye bokiti a gidan jama'a ya san wanda ya ƙirƙiro wannan ya san halin ɗan Adam. Rairayin kuma ba ado ba ne: wutar fetur ko ta mai ba ta mutuwa da ruwa, ruwan ma yaɗa ta yake yi, amma rairayi yana toshe mata iska.

Sai famfon hannu. Akwati ne mai ƙafafu da ake cikawa da ruwa, da dogayen sanduna a gefe biyu, mutane su jeru suna dannawa suna ɗagawa. Wani Bature mai suna Richard Newsham ya yi suna da irinsa a Landan tun shekarun 1720. Tiyon fata kuwa ya girme shi: Jan van der Heyden ne ya fito da shi a Amsterdam wajen 1672. Daga baya kamfanoni irin su Merryweather da Shand Mason suka riƙa ƙera famfo mai aiki da tururi, amma asibitoci da yawa sun tsaya kan ƴar amalanke mai ɗauke da naɗaɗɗen tiyo, wadda mutum biyu za su tura a guje zuwa bakin famfon tsakar gida. Ga masu kwance a bene kuma akwai doguwar jakar tamfol da ake ɗaurawa a taga, a zuro majinyaci ta ciki har ƙasa.

Jar tukunyar kashe wuta da muke gani a bankuna da gidajen mai ita ma tana da kakanni. George Manby ya ƙera ta farko wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka wajen 1818. A 1866 wani Bafaranshe, François Carlier, ya fito da wata mai ruwan da aka jiƙa da bikarbonat, da ƴar kwalbar asid a ciki. In an fasa kwalbar sai su haɗu, iska ta taso ta tunkuɗo ruwan waje. Bikarbonat ɗin nan ɗan'uwan kanwa ne, irin wadda ake haƙowa a kwarurrukan ƙasar Muniyo da Manga, kuma har yau yana cikin garin da ake ɗura wa wasu tukwanen zamani.

Ba duka kayan da ne abin yabo ba. An yi yayin wasu kwalabe da ake jifa cikin wuta, da ƙananan famfunan tagulla na kamfanin Pyrene, masu ɗauke da wani sinadari da ke kashe wuta nan take. Sai aka gano in ya ji zafi yana komawa guba irin wadda aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Farko. A ɗakin marasa lafiya, maganin ya fi cutar. An daina.

Abin da ya sauya tunani gaba ɗaya shi ne gane cewa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. A 1929, a asibitin Cleveland Clinic na Amurka, tsoffin fina-finan hoton ƙashi da aka tara a ɗakin ƙasa suka kama, hayaƙinsu mai guba ya bi ta cikin ginin, mutane 123 suka mutu. Daga baya aka koma kan yadda ake gini: ƙofofin da ke tare hayaƙi, na'urar da ke ƙara in ta shaƙe shi, da raba asibiti sashe-sashe. A Faransa, dokar 25 ga Yunin 1980 ita ce ginshiƙi, kuma ƙa'idar asibiti a can ita ce ba a fara da fitar da majinyata waje, ana tura gadajensu ne zuwa sashen da ke kusa, a rufe ƙofa. Tsoffin rundunonin sun ɓace sannu a hankali da zuwan tarho da motoci masu sauri, amma aikin bai mutu ba. Manyan asibitocin Faransa suna da ma'aikatan da ake kira SSIAP, masu gadin wuta dare da rana.

To, mu fa? Gure tana da nisan kilomita kusan 160 daga Damagaram, Tasker da ƙauyukan arewa kuwa sun fi haka nisa da komai. Ko a Yamai, inda sansanonin pompiye suke, gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta ci yara kusan 20 a Afrilun 2021, ta Maraɗi kuma fiye da haka a Nuwamban shekarar, saboda azuzuwan zana ba sa ba da lokaci. Mintunan farko na hannun wanda ke wurin ne. A gidajen likitanmu kuwa abubuwan haɗari ƙaruwa suke: tukwanen oksijin da suka yawaita tun zamanin korona, batiran sola, gurup da jarkokin gazuwal ɗinsa, fankoki da firji a kan tsoffin wayoyi, ga masu jinya suna girki da gawayi ko gas a tsakar gida, a cikin iskar hunturu. Oksijin ita kanta ba ta ci da wuta, amma inda ta yi yawa zanen gado yana kamawa kamar an zuba masa fetur, kuma maiƙo a bakin tukunyarta kaɗai yana iya tayar da gobara.

A ganina, abin da ya kamata mu ɗauka daga tsoffin rundunonin nan tsarinsu ne. Mutanen yankin Gure sun riga sun san shi ta wata fuska, domin duk shekara bayan damina ana share hanyoyin tare wutar daji don kare makiyaya, ba a jira sai ta tashi. Kwamitin COGES na kowace CSI yana iya tambaya a zamansa na gaba: cikin masu kwanan aiki, wa ya san inda ake yanke kuran? Wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar baya? Wa zai ɗauki jarirai, ya kai su ina? Rairayi dai ba a saye a Gure.

Jar tukunyar da ke rataye a bango ita ma a duba ta. Akwai takarda a jikinta mai nuna ranar da aka yi mata bincike na ƙarshe, wanda ya kamata a yi duk shekara, kuma in tana da agogo, allurar ta tsaya a kan kore. Ana zare ƙusar, a nufi gindin wutar ba harshenta ba, a matsa. Mai ruwa ba a kusantar da ita ga wayar lantarki. Mai gari ta kilo 6 kuwa ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 take ƙarewa.