Asirin Faifan Kwamfuta Yana Inda Ƙarfe Biyu Su Ka Haɗu

Yawancin tsofaffin kwamfutocin da a ke buga wa jama'a takardu da su a Bauchi, daga Ƙofar Ran har Wunti, suna da faifan ajiya mai juyawa a cikinsu. Bisa faifan akwai wani ɗan kai da bai kai ƙwayar gero ba, shi ke karanta abin da aka ajiye ta hanyar jin maganaɗisun faifan.

Tushen wannan fasaha bincike ne na 1988. Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, sun shimfiɗa baƙin ƙarfe da kuromiyam hawa-hawa. A gwajin Fert kaurin kuromiyam ɗin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. Da aka sa maganaɗisu cikin matsanancin sanyi, sai tirjiyar da ƙarfen ke yi wa wutar lantarki ta ragu da kusan rabi. Su biyun aka ba lambar Nobel cikin 2007.

To, daga ina tirjiyar ta ke? Ƙwayoyin lantarki iri biyu ne wajen juyinsu. Iyakar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuwa kamar ƙofar ganuwa ce a zamanin da, inda mai tsaro ke barin wani ya wuce ya tsare wani. Idan maganaɗisun hawa-hawan ya fuskanci gefe ɗaya, iri guda zai ratsa ƙofofin duka ba tsaiko. Idan sun saɓa, kowane iri sai ya gamu da ƙofar da za ta tare shi.

Stuart Parkin na kamfanin IBM ya tabbatar da muhimmancin iyakar nan cikin 1993. Ya shafa kobalt, kaurin ƙwayar zarra ɗaya ko biyu kawai, a inda gamin nikel da baƙin ƙarfe ya haɗu da jan ƙarfe, sai canjin tirjiyar ya kusan ninkawa. Dalili shi ne nikel yana cuɗanya da jan ƙarfe har maganaɗisunsa ya raunana a bakin iyaka, kobalt kuwa ba ya yarda da wannan cuɗanya.

Ko da ya ke haka ne, ba a ce sumul shi ne alheri kullum ba. Cikin 1992 masu bincike a Amurka sun ga cewa ɗan kaushi a iyakar baƙin ƙarfe da kuromiyam yana ƙara canjin. Amma in kaushin ya yi yawa har ya huda hawan tsakiya, sai ƙarafan sama da ƙasa su taɓa juna, maganaɗisunsu ya bi gefe ɗaya, aikin ya lalace. Wannan yana cikin abubuwan da ke wahalar da masu ƙira.

IBM ya fitar da faifan farko mai irin wannan kai cikin 1997, yana ɗaukar gigabait 16.8. Daga wajen 2005 aka soma maye gurbin ƙarfen tsakiya da siririn hawan da ba ya ɗaukar wuta, wanda huda guda ta isa ta kashe shi.