Wutsiyar Sunan Fayil: Ƙananan Haruffa, Babbar Asara

Haruffa uku ko huɗu da ke bin ɗigo a ƙarshen sunan fayil, irin su .pdf da .docx, su ke shaida wa Windows manhajar da za ta buɗe shi. Da yake Windows na ɓoye wannan wutsiya, ma'aikaci kan rubuta "rahoto" kawai a tagar adanawa, ya bar wa manhaja cikon.

A nan gizo ke saƙar. Idan mai rubuta manhaja ya liƙa wutsiyar bayan tagar ta rufe, sunan da aka duba ko akwai irinsa shi ne "rahoto", alhali wanda za a adana "rahoto.docx" ne. Sai sabon fayil ya danne tsohon ba gargaɗi, aikin makonni ya salwanta.

Maganin sananne ne: a ƙara wutsiyar kafin dubawa. Qt na da setDefaultSuffix, .NET na da DefaultExt. Mai aiki da GTK kuwa, wajibi ne ya sake dubawa da kansa. Ya kamata duk ma'aikatar da ta ba da kwangilar manhaja ta gwada wannan kafin ta karɓi aikin.